Irin Da Na Samo A Riruwai

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila shi ya jawo mini. Ya ce a can, tun shekarar 1927, masu gidaje kan buɗe lambunansu rana guda, kowa ya biya sule ɗaya ya shiga ya sha kallo, kuɗin kuma a tara wa ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya gida-gida. Har yau ana yi, sai dai sule ya koma fam. Ga lada, ga shayi, ga dabarar shuka a kwaso kyauta. Ni kuwa tsakar gidana a Kano ba komai sai darbejiya ɗaya da igiyar shanya. Na ce ai mu ma muna da masu garka, kuma babu wanda ya fi mu kwaɗayin lada.

Wata Asabar cikin hunturu na zura farar shadda, na ɗauki littafin rubutu, na ɗauki surukina, ƙanin matata, haifaffen Tudun Wada, ya yi mini jagora.

Muka fara da garkar wani dattijo kusa da Tiga, inda madatsar ruwan da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, take shayar da gonakin rani har Kadawa da Kura. A bakin ƙofa na zaro naira dubu biyu.

"Na mene ne?"

"Kuɗin shiga, Baba. A sa a sadaka."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Yaro, nan ba gidan zu ba ne. In sadaka ce, mu ke bayarwa." Ya ƙwala wa jikansa kira: "A cika wa baƙon nan buhu. Mutanen birni ne, ba sa samun na kirki." Haka na tsinci kaina a layi ɗaya da almajirai ana zuba mana gwaiba, kuma wallahi nawa rabon ya fi na kowa.

Dattijon ya san aikinsa. Ya nuna mini yadda ake yi wa mangwaro aure: a yanko reshen Binta siga, a fere shi, a tsaga kan ɗan dashen da aka tayar daga ƙwallo, a cusa, a ɗaure da leda tam. Mai aure kan fara 'ya'ya a shekara uku ko huɗu, kuma zaƙin uwarsa zai ɗauko, alhali na ƙwallo sai ka gaji da jira, ƙarshe ya ba ka mai zare. Zogale shi ne shinge, albasa a fangali, gwanda a bakin rariya don ba ta son ƙishi ba ta kuma son kwana cikin ruwa. Na cika shafi uku, sannan na tambaya ina furanni suke.

"Ga na kuɓewa can."

"Na ado nake nufi, Baba."

"Ana miya da shi?"

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya biya kuɗin fetur ya ja ruwa da inji ba zai shayar da abin da akuya kaɗai za ta amfana da shi ba. Amma ni ado na fito nema, don haka muka karya ta Kwanar Ɗangora, muka wuce buhunan shinkafar Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, sai Riruwai, garin duwatsu da tsofaffin ramukan kuza. Can damina ta fi ta Kano ƙarfi nesa ba kusa ba, komai ka jefa a ƙasa sai ya tsiro.

A garkar wani abokin surukina, bayan rake da ayaba, na hango abin da na zo nema. Wata ciyawa ce ta nannaɗe shinge, ta sako 'ya'ya gungu-gungu, masu gashi ruwan zinariya kamar karammiski. Mai garka da surukina sun tafi alwala. Na tsinka, na cika aljihun gaba, na cika na gefe. Ɗaya ma har na goga a kumatu don in ji laushinsa.

Kafin su sallame na riga na tuɓe riga.

"Innalillahi! Malam, karara ka ɗiba?" in ji mai garka, yana ja da baya. Ya ce shi kansa sai ya duba inda iska ta dosa kafin ya cinna mata wuta. Gashin nan ƙananan ƙayoyi ne da ke nutsewa cikin fata, susa kuwa ƙara tura su ciki take yi. Duk wannan bayani ina tsalle na saurare shi.

Nan da nan likitoci suka hallara. Wata tsohuwa ta ce toka. Mai rake ya ce manja. Wani Bafulatani da ya tsaya da shanunsa ya rantse babu kamar ɗanyen kashin shanu. Da yake ba a so a ɓata wa kowa rai, aka shafa mini duka ukun. Yaran unguwa suka hau katanga, manya suka kewaye ni. Surukina, da hawaye shaɓe-shaɓe don dariya, ya ce, "Yaya, da mun karɓi kuɗin shiga yau, da an gina ɗakin shan magani."

Aka ɗauki shaddata da tsinin sanda aka jefa a leda, aka ara mini wata tsohuwar rigar noma. Surukina ya karɓi tuƙi, ni ina baya, tagogi duka a buɗe saboda dalilin da Bafulatanin nan ya sani.

A wani shingen bincike cikin daji, gab da magariba, jami'i ya leƙo, ya toshe hanci, ya haska ni da tocila.

"Wannan lafiyarsa ƙalau?"

"Malamin makaranta ne, Yallaɓai," in ji surukina.

"Me ke cikin ledar can?"

"Iri ne, Yallaɓai, amma don Allah kada ka..."

Ya riga ya zura hannu har gwiwa. Ya lalube, ya ce ba komai, mu wuce. Surukina bai taɓa tayar da mota da sauri irin na ranar ba, kuma bai ɗaga ƙafa daga totur ba sai da muka ga fitilun Tudun Wada.