Masu Motocin da Ba Sa Zuwa Ko'ina

Duk shekara a watan Mayu, birnin Shizuoka na ƙasar Japan yakan cika da magidanta, wasu har da furfura da jikoki, waɗanda suka biya kuɗin jirgi don kawai su zo su sunkuya a kan teburi suna kallon motocin da tsawonsu bai wuce taƙi ba. A garin ne kamfanonin Tamiya da Aoshima da Fujimi suke, kuma sana'arsu ita ce sayar wa mutum mota a kwance cikin kwali: bodi daban, inji daban, sitiyari da kujeru da salansa duk na roba, maƙale a jikin firam, ga takardar umarni, ga sitika. Kai za ka yanke, ka goge, ka manna, ka yi fenti. In ka ga an rubuta 1:24 a kwalin, an raba tsawon motar gaske gida 24 ne an ba ka ɗaya, wato motar mita 4.8 ta dawo santimita 20.

Mu da muka tashi da motar kara da ta langa-langa ba mu da bakin yi musu dariya sosai. Sai dai yaronmu yakan gama tasa kafin la'asar, ya ja ta a layi har taya ta fita. Su kuwa waɗannan manya ne masu albashi, kuma in ka zauna da su za ka lura gama motar shi ne abu na ƙarshe da ya dami da yawansu.

Babbansu shi ne Tarau. Shi saye ya iya. A shekara yakan haɗa mota biyu in an yi sa'a, amma wata ba ya ƙarewa bai shigo da kwali uku ba. Kabad ya cika, ƙarƙashin gado ya cika, motar hawansa ta koma kwana a waje saboda kwalaye sun ƙwace gareji. Hujjarsa ba ta canjawa: kamfani zai iya daina yin wannan gobe. Don haka iri ɗaya ma uku yake ɗauka, ɗaya na haɗawa, ɗaya na ajiya, ɗaya kuma saboda tsaro, ko na farkon zai lalace. In ka yi masa lissafi ka nuna masa cewa ko yau ya daina saye sai ya yi shekara ɗari da wani abu kafin ya ga ƙarshen abin da ya tara, sai ya gyaɗa kai ya ce ai shi ya sa yake jiran ritaya. Sabon kwali yakan kwana biyu a but, sai uwargida ta fita unguwa a lallaɓo da shi, in kuma ta gani a ce mata ai ya daɗe a gidan, kuma a gwanjo aka samu. Ranar rabon gadon Tarau akwai kallo, domin duk farashin da iyalinsa suka sani na ƙarya ne. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne kayan nan ba zaman jiransa suke yi lafiya lau ba. Sitika takan yi ɗorawa-ɗorawa ta tsattsage da zarar an jiƙa ta, tayoyin tsofaffin kwalaye kuma, in suka daɗe manne da bodi ko gilashi, sukan narkar da robar su bar tabo.

Sai Ƙirgau, wanda duk taro ya san zuwansa da 'yar tocila da tabarau mai ƙara girma. Tun 1963 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta IPMS a Birtaniya, kuma a gasanninta alƙalai sukan duba ko an ga layin haɗi, ko gam ya yi tsartuwa, ko tayoyi huɗun duk sun taɓa ƙasa. Wannan bai ishi Ƙirgau ba. Ka kawo motar da ka yi wata shida a kanta, zai leƙa ƙarƙashi ya ce notin taya biyar ne a samfurin wannan shekarar, kai ka bar huɗu, sannan wannan jan bai fito ba sai shekara biyu bayan haka. Yakan iya raba dare yana gardama kan ko ya halatta a jera motar 1:25, ma'aunin da Amurkawa irin su AMT suka saba, kusa da ta 1:24 ta Japan da Turai, alhali bambancin nasu bai kai faɗin ɗan yatsa ba. In zai haɗa injin Chevrolet mai fulogi takwas, sai ya huda ramuka takwas da abin huji siririn gaske, ya zura wayoyi bisa ainihin jerin tashin wutar injin, 1-8-4-3-6-5-7-2, sannan ya rufe bonet, ba wanda zai sake gani har abada. Ba shi da laifi duka, a gida ya gani. Da Tamiya za su yi Porsche 934 a ma'aunin 1:12 a 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta don su auna sassanta. Motar da Ƙirgau yake hawa kuwa ta yi wata uku tana zubar da baƙin mai, bai kai ta wurin bakanike ba.

Ni dai in za a ba ni zaɓi, Ɗan Gaggawa nake so. Ya sayo da safe, da daddare mota tana kan talabijin. Takardar umarni sai abu ya cije yake buɗe ta. Gam ɗin wannan aiki narkar da robar yake yi ya haɗe ta, shi ya sa ake ɗiga shi kaɗan, amma shi matsawa yake yi har ya malalo, don haka kowace motarsa tana ɗauke da zanen babban yatsansa a gilashin gaba. In ya sa sufa gulu kuma, gilashin ya yi fari fat kamar an shiga hazon hunturu. Fenti bai bushe ba ya ɗaga don ya gani ko ya bushe. In an gama sai a ga sassa huɗu ko biyar sun rage a teburi, ya ce kamfani ne ya yi gyara. Ƙirgau ba ya iya kallon aikinsa sai ya dafe ƙirji, amma duk cikinsu Ɗan Gaggawa kaɗai ne yake da motoci a jere, kuma shi kaɗai yake barci da wuri.

Somau ba ya buƙatar dogon bayani: inji goma sha biyu a haɗe, mota ko ɗaya babu. Shi ne abincin kamfanoni irin su DeAgostini da Hachette, masu sayar da babbar mota ta 1:8 kashi-kashi, kowane mako mujalla da 'yan sassa, fitowa ɗari ko fiye. Ta farko arha ce ƙwarai. Somau yana da ƙofar hagu da taya ɗaya na motoci uku.

Akwai kuma Sarkin Tsatsa, wanda lamarinsa ya fi ɗaure wa baƙo kai. Zai haɗa mota tsaf, sai ta yi kyau sannan ya tasar mata. Ya shafa fenti ruwan tsatsa, ya barbaɗa gishiri a kai, ya fesa wani launi, in ya bushe ya kankare gishirin, sai ga bodi ya ɓamɓare. Wani lokaci man feshin gashin matarsa yake sacewa don irin wannan aiki. Ya ɗumama ƙofa ya lotsa ta, ya fasa fitila ɗaya, ya yi wa gilashi ƙura ya bar sawun waifa. Mako shida yana wahala don ya samar da akwalar da ko fanel bita zai ce a kai ta wurin 'yan gwangwan. Yabon da ya fi faranta masa rai shi ne a ce, kai, wannan ai ta mutu.

Duk waɗannan, duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan raina mutum ɗaya, wato Kar-a-taɓa. Shi ba ya haɗa komai. Ƙananan motocin ƙarfe yake tarawa, Matchbox da aka fara a Ingila a 1953 da Hot Wheels da Mattel ya fito da su a Amurka a 1968, kuma sharaɗinsa kada a buɗe kwali. In kusurwar kwalin ta lanƙwashe, a wurinsa motar ta yi haɗari. Tun kafin a buɗe kanti yake tsaye a ƙofa, ya riga yara isa wurin kayan wasa, yana tona layi yana neman waɗanda ba a buga da yawa ba. Mafarkinsa wata 'yar bas ce ta Volkswagen ruwan hoda, Beach Bomb ta 1969, wadda aka yi ta gwaji aka ga ba ta zama daram a kan titin wasan, aka sake mata fasali. 'Yan ƙalilan ɗin da suka tsira yau kuɗinsu ya haura na sabuwar mota ta gaske. Babban abokin gabansa jikansa ne ɗan shekara huɗu, wanda ya fahimci abin da aka yi motar dominsa.

Wanda ba na iya yi wa dariya da yawa shi ne mai neman motar babansa. Ba ruwansa da Ferrari. Ainihin wadda aka kai shi makaranta a ciki yake nema, da launinta, har lambar zai buga ya manna. In kana ganin ka fi ƙarfin wannan, bari wata rana ka ci karo da 'yar Peugeot 504 ta kamfanin Norev ko Solido a tafin hannunka, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, mu ga ko ba za ka tambayi kuɗinta ba.

Amma ko wane iri ne mutum, in dai yana haɗawa, akwai daren da zai zama Mai Rarrafe. Ya kama madubin gefe da hantsaki, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ya ji ƙyas, ya tafi. Daga nan sai a ga babban darakta a durƙushe, kunci a kan kafet, tocila a baki, yana hana kowa motsi a ɗakin. A duba ƙarƙashin kujera, a zazzage takalmi, a zargi kyanwa. Bayan kwana uku ya haƙura ya yi odar sabon kwali sukutum saboda madubi ɗaya. Ranar da saƙon ya iso, uwargida ta zo wucewa ta ce, "Maigida, mene ne wannan maƙale a gwiwar rigarka?"