Wandona Yana Tafkin Volta

Har yanzu akwai laka a kunnena na hagu, don haka bari in ba da labarin da bakina kafin 'yan zangon Bawku su ƙara masa gishiri.

A majalisarmu kullum ina tuna wa mutane cewa kakana farke ne, da ƙafa yake zuwa Gwanja daga Kano sayen goro. Ran nan wani ya ce, "To jikan fa?" Sai ga ni a Yendi cikin watan Satumba, jaka a baya, na nufi Salaga ta Bimbila. Ruwa ya dake ni, na bushe, ya sake dukana. Na shiga Salaga, garin da ya yi suna da rijiyoyi, da ruwan da zai cika guda a jikina.

Daga nan na zarce Makango, inda ake hawa jirgin fito zuwa Yeji. Niyyata in taka inda kaka bai taɓa takawa ba, sai na hau kwalekwale zuwa wani tsibiri. A zamaninsa babu wannan tafki; sai da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye daji da ƙauyuka, tuddai suka koma tsibirai. Itatuwan da ruwan ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu na jiran kwalekwale. Su ne suka hana matuƙinmu matsawa gaɓar tsibirin. Ya ce in dakata ya kewaya. Na dubi ruwan, na ga iyakarsa idon sawu. Na ɗaga jakata, na yi bismilla, na dira.

Ruwan kam bai yi ƙarya ba, iyakarsa idon sawu. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ba shi da iyaka. Ƙafar dama ta shige har gwiwa. Na dogara da ta hagu in zaro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Na yunƙura, laka ta ce "cakwal", ta kai ni ƙugu. Na tsaya ƙyam kamar turken akuya, jaka a ka, yayyafi na sauka, mata masu bandar kifi sun bar murhunsu sun jeru a gaɓa.

Wani dattijo yana zaune ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin koma. Ko allurarsa bai ajiye ba.

"Ɗana, kada ka motsa."

Na daina motsi. Na ci gaba da nutsewa a hankali, cikin ladabi.

"To, ɗan motsa."

Na motsa. Laka ta kai cibiya.

"A'a, ba irin wannan ba."

Na ce, "Baba, wane iri?" Ya ja zare da haƙori, ya yi nazari, ya ce da da rani na zo, nan wurin har ƙwallo yara ke bugawa. Na yi godiya. Ya tambayi garinmu, na ce Bawku. Nan fuskarsa ta washe. "Ai ruwanku ne! In Burkina suka buɗe madatsar Bagre, ta wajenku yake biyowa ya sauko mana. Ka yi masa magana, ya san ka."

Matan ne suka cece ni. Suka miƙo gorar tuƙi, na rungume ta, su huɗu suka ja suna ba juna baki. Na ji ina tahowa. Na kuma ji tazugena ya ce "ɗas". Wannan sautin nake ji duk dare in na rufe ido: ɗas, sannan sanyi yana bin cinyoyina daga sama zuwa ƙasa, ni ina fitowa, wando yana zama. Hannuna biyu na kan gora. In na saki na koma, in na riƙe na iso. Na iso.

Wata iya ta kwance mayafinta ta jefo mini tana kallon sama, kafaɗunta na rawa. Na ɗaura shi, yana ƙamshin hayaƙin kifi, ga furanni ja da rawaya.

Dattijo ya ɗago kai, ya nuna wurin da allura.

"Ka riƙe shaida, daidai wancan kututturen. Wajen watan Mayu ruwa zai ja, sai ka zo ka ɗauka."