Idan Fiyano Ya Yi Gum a Gaban Jama'a

Malam mai fiyano, abu na farko shi ne kada fuskarka ta tona maka asiri. Ka danna maɓallin kunna waƙa, shiru. Mawaƙi ya riga ya kai makirfo baki, ƙawayen amarya sun miƙe da kuɗin liƙi a hannu. To ka ɗaure fuska ka zuba wa mai janareta ido. Ko da wutarsa lafiya lau take, kafin ya gama rantse-rantse ka samu sararin minti biyu, kuma yawancin cututtukan MIDI ba su wuce gyaran minti biyu ba.

Sai dai gyaran ba zai yiwu ba sai ka yarda da wata magana mai ɗaci: babu sauti ko na ƙwayar zarra a cikin fayil ɗin MIDI. Takardar cefane ce kawai. An rubuta a sayo kaza, a zuba kaza a lokaci kaza, amma daɗin miyar yana hannun wanda aka miƙa wa takardar. Abin da ke ciki umarni ne zalla: danna wannan madanni da ƙarfi kaza, sake shi, koma muryar sarewa. Haka Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan da abokan aikinsu suka tsara MIDI, ya fito a 1983. Shi ya sa waƙar da ta sa ka hawaye a sitidiyon abokinka take fitowa a wargaje a naka fiyanon. Shi ya sa kuma mai wayon da ya ɗauki waƙar MP3 ya sauya wutsiyar sunanta zuwa ta MIDI zai kwana yana jira.

Idan fiyano ya ce bai ga komai a filashi ba, kada ka hura masa iska da baki, ba ƙura ba ce. Yawancin fiyanonin da ke hannunmu tsarin FAT32 suka sani, manyan filashin zamani kuwa da wani tsarin suke zuwa. Magani shi ne ka bar fiyanon ya yi wa filashin fomat da kansa. Fomat yana share duk abin da ke ciki, saboda haka wanda ya ari filashin uwargida mai ɗauke da hotunan suna ya nemi wurin kwana tun da rana. Masu tsofaffin fiyano na zamanin fulofi suna da ƙarin jarrabawa biyu. Da yawansu ba sa karanta suna mai fin haruffa 8, don haka “Amarya Ki Yi Haƙuri Sabon Gyara Na Ƙarshe” zai fito a guntule, in ma ya fito. Sannan fayil ɗin MIDI iri-iri ne: nau'i na 0 yana cusa komai a layi guda, nau'i na 1 yana raba layuka. Wasu tsofaffin na 0 kaɗai suke ci. A kwamfuta ake juya shi, aikin daƙiƙa kaɗan.

Wani lokaci sunan waƙar ya fito sarai, ka danna, lambar ƙirga ta tsaya cak a kan 1. Nan ne ake fara zargin hannun maƙiya. Shiga saitin MIDI ka duba agogo. Idan an mai da shi na waje, fiyano yana zaune ne cikin ladabi yana jiran wata na'ura ta ba shi bugun tafiya, alhali kwamfutar da aka haɗa shi da ita jiya tana can sitidiyo a kulle. Mai da shi agogon ciki. Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne Lokal: idan an kashe shi, waƙa za ta yi ta tafiya, kai kuwa ka yi ta dukan madannai babu ko ƙis, domin an raba yatsunka da muryar fiyanon. Wasu sun kai fiyano wurin mai gyara a kan wannan, aka kwance shi, aka ɗaure, aka karɓi kuɗi. Kebul ɗin MIDI mai haƙora 5 da ke haɗa na'urori biyu kuma ƙa'idarsa ɗaya ce, mafitar wannan ta shiga mashigar wancan. Wanda ya haɗa mafita da mafita don ya ga sun yi kama ya haɗa masu magana biyu babu mai saurare.

Yanzu a zo inda ake shan kunya ta gaske, wato waƙa ta tashi amma da muryoyin da ba ka gayyata ba. MIDI yana da tashoshi 16, kuma tun da aka fito da ƙa'idar General MIDI a 1991 aka keɓe tasha ta 10 ga ganguna. Idan wani mai ƙaiƙayin hannu ya kai gangunan tasha ta 3, abin da za ka ji shi ne wani yana dukan madannan gefen hagu ba kai ba gindi. Idan kuma kowace murya ta koma fiyano tsura, ko dai babu saƙon zaɓen murya a fayil ɗin, ko ka tsallake farkonsa. Shirun da ke gaban waƙa ba ɓata lokaci ba ne, a nan ake raba wa kowace tasha muryarta da ƙarfinta. Kunna daga tushe.

Ƙa'idar ta jera muryoyi 128, kowace da lambarta. Matsalar ita ce wasu na'urori daga 0 suke fara ƙirga su tsaya a 127, wasu daga 1 zuwa 128. Kuskuren lamba ɗaya ba komai ba ne idan tsakanin jita da jita ne. Amma a ƙarshen jerin, murya ta 127 tafi ce, ta 128 kuwa harbin bindiga. Mai son ya rufe shigowar ango da tafi, don Allah ya gwada a gida tukuna. Ta 126 ma jirgi ne mai saukar ungulu, in ana son a kammala watsa taron.

Kada kuma ka wahalar da kanka neman kalangu ko kukuma a cikin 128 ɗin nan. Waɗanda suka jera ba su taɓa zuwa dandali ba. Akwai sitar ta Indiya, akwai kalimba, akwai shanai a lamba ta 112 wadda in an rufe ido za a yi mata uzuri a matsayin algaita. Makaɗan sitidiyoyin Kano da suka raya waƙoƙin fim da fiyanon Yamaha PSR da kunne suka lalubo abin da ya yi kusa da namu, kuma a ganina wannan gwaninta ce da ba a yaba ta yadda ya kamata. Amma a nan wani tarkon yake. Roland ya yi nasa ƙarin muryoyi mai suna GS, Yamaha ya fito da XG a 1994. Waƙar da aka gina da muryoyin XG, in ta je gidan da ba a san su ba, sai a ba ta abin da ya samu, wani lokaci a yi mata shiru.

Idan kuwa sautuka suna ɓacewa a tsakiyar amshi, fiyano bai lalace ba, bakinsa ne ya cika. Kowane fiyano yana da iyakar sautukan da zai riƙe a lokaci guda. Ƙa'idar ta ce kada su gaza 24, ƙananan na kasuwa kuwa wasu 32 ne wasu 48. Ka ɗora murya kan murya, ka take feda ka ƙi ɗagawa, dole ya kori tsofaffin sautuka don sababbi su samu wuri. Ɗaga ƙafarka.

Sai sautin da ya maƙale yana ta “piiii”. Kowane sauti saƙo biyu ne, na fara da na daina. An tuntuɓe kebul, na biyun ya ɓace a hanya, fiyano kuma ba ya saɓa umarni, zai riƙe sautin har a tashi. Akwai saƙo na 123 da ke kashe duk sautuka, in ba ka san inda yake ba kashe fiyanon ka kunna. Kafin nan ka lumshe ido kana gyaɗa kai, wasu za su ɗauka salo ne. In mawaƙi ya juyo yana harararka don muryarsa ta kasa kaiwa, duba turansifos, jiya wani ya ɗaga shi da biyu ya manta.

Mai da fiyano yadda ya fito daga kamfani shi ne maganin ƙarshe, kuma yana aiki. Yana kuma iya tafiya da duk saitin da maigidanka ya shekara yana tarawa. Kwashe su a filashi tukuna. In ka manta, gobe da ya tambaya, “Kai yaro, ina kiɗan Hajiya?”, ka ce, “Wallahi Maigida, ni ma abin da nake ta nema ke nan tun safe.”