An Sayar da Kare, An Sayi Jif

Shekara tara ina hawan wata 'yar Golf ja, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Laifinta ɗaya ne: iyali sun ƙaru, ita kuwa tana nan yadda take. Yara biyar, ga uwarsu, ga Hajiya mahaifiyata wadda ba a zuwa biki ko gaisuwa a bar ta a gida. Ranar da muka je suna Bichi na waiga na ga autana a kan cinyar yayarsa, yayar a kan cinyar tata yayar, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya, na ce a raina lokacin jif ya yi.

Na sayar wa maƙwabcina mai harkar hatsi a Dawanau Golf ɗin, na haɗa da kuɗin adashe da ɗan rancen da uwargida ta ba ni daga kuɗin ɗinkinta, na kira dillali. Kwana uku sai ga ni a gaban wata Toyota Highlander ƙirar 2005, ruwan toka, an wanke ta tas, an shafe tayoyinta da mai suna ta sheƙi.

"Alhaji," in ji dillali, ni da ko filin jirgi rakiya kawai ke kai ni, "wannan ba 'yar gida ba ce, tokumbo ce daga Amurka. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta. Daga gida sai coci, daga coci sai gida."

Na leƙa agogon gaba na ga 92,000, na gyaɗa kai kamar na san abin da nake kallo. Na so in kira bakanikena ya duba, sai dillali ya ce ba damuwa, amma akwai wani mutumin Katsina da ke hanya da kuɗinsa a jaka. Daga baya ne na gane duk motar da za a sayar a Kano akwai mutumin Katsina da ke hanya. Na biya, na ba da la'ada. Tsakiyar watan Mayun 2023 ke nan, ku riƙe watan.

Gidanmu a Goron Dutse yake, cikin wani lungu da kakanninmu suka yanka da jaki a zuciyarsu. Golf tana shiga in an naɗe mata madubi, ta tsaya a ƙofar gida. Jif kuwa tana sa hanci sai ta tarar da dakalin liman a dama, kwata a hagu. Nan take unguwa ta cika da direbobi. Wannan ya ce yanka dama, wancan ya ce dawo baya, mai kayan miya ya ce miƙe kawai akwai wuri. Na bi shawarar kowa a lokaci guda, tayar baya ta faɗa kwata. Samari goma sha biyu suka cicciɓe ta, kowa kuma sai da ya samu na goro, har da wanda ihu kawai ya yi.

Hajiya ta fito da carbinta, ta zagaya motar, ta tofa mata addu'a, sannan ta ce, "Allah ya sanya alheri. Amma ɗan nan, a ina za ta riƙa kwana?" Ban taɓa tunanin wannan tambaya ba sai da na ji ta. Haka jif ta koma kwana a bakin titin Aminu Kano, kusa da teburin mai shayi, ina biyan maigadi duk wata. Wato na sayi mota, na kuma kama mata haya.

Mako biyu da haka, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya fita. Tankin jif lita 72 yake ci, injinta kuma mai fulogi shida ne, ba ya wasa da abinci. Cikon da na yi lissafin zai ci dubu goma sha huɗu sai ya doshi dubu arba'in. Tun daga ranar allurar mai ba ta sake ganin rabi ba.

Mai hankali a nan da juyen baƙin mai zai fara. Ni kuwa kwalliya na sa a gaba, don an fara ce mini Alhaji a majalisa, kuma abin ya yi mini daɗi. Na ɗinka wa kujeru riga ta leda mai kama da fata, na shimfiɗa darduma, na rataya turare, na manna addu'ar hawa abin hawa a gilashi. Sannan na kai ta wajen wani rewaya ya sa mini allo irin na zamani mai haɗe da kyamarar baya. Da na sa ribas don gwaji, sai na ga ƙasa a sama, sama a ƙasa, wata akuya tana wucewa a rataye kamar jemage. Rewaya ya ce haka sababbi suke zuwa, zan saba.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne allon ba ya mutuwa ko an zare makulli. Washegari da safe, ga yara sun yi shirin makaranta, na murɗa makulli, shiru. Batir ya kwana yana yi wa sauro kallo. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, shekara tara ina tura Golf. Na tara almajirai takwas, na zauna a ciki ina ba da umarni. Suka tura, suka tura, gumi na zuba, har muka kusa gidan yarin Goron Dutse, mota ko tari ba ta yi ba. Sai wani ɗan adaidaita sahu ya rage gudu, ya leƙo ya ce, "Baba, otomatik ce fa. Ko Daura za ku kai ta da turi ba za ta tashi ba." Na sallami almajirai, na kuma biya shi ya kai yara makaranta.

Ranar ce na kai ta wurin tsohon bakanikena, wanda kowa ke kira Injiniya. Bai ce mini komai ba, ya shiga, ya sa farce a jikin agogon gaba ya ɓanɓaro wani ɗan baƙin salatif. A ƙarƙashinsa wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfe, ta wani garejin juyen mai a jihar Texas, an rubuta 214,000.

"Malam," ya ce, don shi bai taɓa yarda da Alhajin nan ba, "kuma mil ne wannan, ba kilomita ba."

Na ciro waya na buga lissafi. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, abin ya ba ni wajen kilomita 344,000. Tsakanin duniya da wata kusan 384,000 ne. Wato saura ƙiris tsohuwar nan ta kai wata a hanyarta ta zuwa coci.

Injiniya ya karanto mini abin da ke buƙatar canji kamar mai karanta kayan lefe: bel ɗin taimin, shokozoba biyu na gaba, takalman birki, man giya, da lagireto wanda robar samansa ta tsage. Muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda in ka yi haƙuri za ka iya haɗa mota sukutum daga rumfa zuwa rumfa. Duk abin da na tambaya sai mai shago ya ajiye mini guda uku a kan benci: sabo na kamfani, Beljiyam da aka ciro daga jikin wata motar, da wanda ya ce zai kai ni gida in gidan ba nisa. Na sayi abin da aljihu ya iya. Da muka zo kan lagireto kuɗi sun ƙare, allo ya riga ya cinye rabonsa. Na ce a liƙe tsagar da gam. Injiniya ya dube ni ya ce, "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ya liƙe.

Wata uku muka yi lafiya. Sai wata asuba na tayar da mota ta yi wata irin ƙara kamar injin markaɗe, tattabarun unguwa suka watse, mai shayi ya zubar da madara. Injiniya ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito yana karkaɗe riga.

"Malam, an sace maka indomi."

Na ce katan ɗin yana ɗakin uwargida, jiya ma yara suka ci. Sai da yaran gareji suka gama dariya aka yi mini bayani: wata tukunya ce a jikin salansa da ke tace hayaƙi, cikinta saƙa-saƙa kamar taliyar yara, shi ya sa ake kiran ta haka. Akwai ɓurɓushin ƙarafa masu tsada a ciki, irin su filatinam, don haka ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota da zarto cikin dare, kuma jif ta fi musu daɗi, tun da tana da tsayi ba sai an ɗaga ta ba. Maigadi ya rantse bai runtsa ba. Mai walda ya jona mini bututu a wurin, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba.

Bayan ƙaramar sallar 2024, cikin zafin Afrilu, aka tashi kai ɗiyar yayata ɗakinta a Gwarzo. Da yake motata ce babba a dangi, ita aka ba amarya. Hajiya a gaba, amarya a tsakiyar gwaggonni biyu tana kukan al'ada, ƙawaye uku a kujerar can baya. Muka fita ta Ƙofar Kabuga, na kunna sanyi har ƙarshe don a san an shiga jif. Muna wuce Janguza na ga allurar zafi tana hawa. Na yi kamar ban gani ba, na ƙara karatu a allo. Kafin Rimin Gado sai tururi ya turnuƙe daga bonet. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce amarya mai farin jini, har mota na yi mata turare.

Na tsaya a gefen hanya. Na jira inji ya huce, don ko ni na san ba a buɗe murfin lagireto da zafi, sannan na sayi jakar fiya-wata biyu, ina fasa leda da haƙori ina ɗurawa. Ina zubawa ta sama, yana fita ta ƙasa, har ya yi ɗan tafki kaji suka zo sha. Amarya ta dakata da kuka, ta ɗaga mayafi ta ce, "Kawu, za mu kai kafin magariba kuwa?"

Sai na ji wani hon da na sani kamar muryar ɗana. Golf ja ce, maƙwabcina a ciki shi kaɗai, shi ma an gayyace shi. Ba a yi wata shawara ba, gwaggonni suka kama hannun amarya. Suka yi ta kokawa da ƙofar baya, sai da na zo na ɗan ɗaga ta sama na ja, yadda na saba. Hajiya ma ta tattara carbinta ta koma can, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, in ka samu mai ja, ka biyo mu." Ban ga ɗakin amarya ba sai bayan mako biyu.

Na sa sabon lagireto daga baya, da wani rancen daga uwargida, wadda yanzu take rubuta bashina a littafin awon ɗinki. Kullum da yamma in na ajiye jif a bakin titi na tako zuwa gida, sai na wuce Golf a cikin lungu, an naɗe mata madubi, maƙwabcina yana kan tabarma yana cewa, "Alhaji, ya jif?"

Makon jiya na kira dillalin nan na ce ya nema mini mai saye. Ya zo da wani bawan Allah, suka zagaya motar, ni ina gefe. Sai na ji ya rage murya yana ce masa, "Wani dattijon malami ne ke hawan ta, daga gida sai masallaci. Amma ka yi sauri, akwai mutumin Katsina da ke hanya."