Wasiƙa Zuwa ga Makullin da Ba Ya Shiga Ƙofa

Ranka ya daɗe,

Da fatan batirinka na da sauran numfashi. Na rubuto ne a madadin direbobin da ka tsayar a bakin masallacin Juma'a da ƙofar gidan biki, suna danna ka suna murmushin yaƙe, yara sun kewaye su suna ba da shawara.

Ba mu raina asalinka ba. Kakanka ya bayyana a 1982 a motar Renault Fuego ta Faransa, aikinsa buɗe ƙofa daga nesa kawai. A ƙarshen shekarun 1990 Mercedes-Benz ta fito da irinka, wanda ba sai an ciro shi daga aljihu ba. Yau ga ka har a motar malamin makaranta. Madalla da ci gaba. Sai dai tsohon makullin ƙarfe, duk da ƙauyancinsa, idan ya lanƙwashe ido na gani, idan haƙoransa sun cinye hannu na ji. Kai kuwa ciwonka a ciki yake, kuma ba ka faɗa.

Na bincika yadda kuke hulɗa da mota, na tarar sallama ce da amsawa. Direba ya taɓa hannun ƙofa, mota ta yi sallama a hankali, da siginar da ba ta wuce taku ɗaya ko biyu ba. Kai kuma ka amsa da lambar sirri wadda ke sauyawa kowane lokaci. Ta gane muryarka, ta buɗe. Ranar da ka yi shiru, ko ka amsa can ƙasan maƙoshi, sai allon gaban direba ya rubuta da Turanci wai ba a ga makulli ba, alhali kana kwance cikin aljihun kaftani, tazarar da ke tsakaninka da sitiyari ba ta kai kamu biyu ba.

Abin haushin, galibi duk wannan wulaƙanci a kan batiri ne mai faɗin kwabo, wanda a yawancinku ake kira CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Yakan yi shekara biyu zuwa uku. Na yarda kana ɗan nuna alama kafin ka suma: da daga bakin get kake buɗe mota, sai ya koma sai an matso, sai an danna sau biyu, sai an ɗaga ka sama ana juyawa. Amma wa ya gaya mana wannan jan kunne ne? Mu ɗauka muke halinka ne ya sauya. Ga batirin jabu da ya cika gari, a sa maka yau, kafin wata ya zagayo ka sake kwantawa. Sannan a gidajenmu mota a tsakar gida take kwana, kai kuma a rataye ka a ƙusa jikin taga, dab da ita. Kuna iya kwana kuna gaisawa, batirinka na zuba. Ɓarayin Turai ma sun gano wannan hira taku: da na'ura suke ɗauko muryarka daga cikin ɗaki su kai wa mota, ta buɗe musu.

Babban ƙorafina shi ne ɓoye magani da kake yi. Ashe a cikinka akwai ɗan siririn makullin ƙarfe, sai an danna wani ɗan maɓalli a gefenka ya zaro. Ashe ramin da zai shiga na nan a ƙofar direba, a wasu motocin an rufe shi da murfin roba don kada ya ɓata kwalliya. Ashe ko batirinka ya mutu murus, a motoci da yawa, irin su Toyota, idan aka manna ka a jikin maɓallin tayar da inji, aka taka birki, aka danna, mota za ta tashi, domin akwai nannaɗaɗɗiyar waya a wurin da ke ba ka ɗan ƙarfin da za ka amsa. Wasu kuma rami aka tanadar maka na musamman. Duk an rubuta wannan a littafin mota. To, wace 'yar Kwatano ce ta taɓa isowa da littafinta? Mutum ya kira bakanike, bakanike ya kira rewaya, rewaya ya kwance rabin gaban mota, alhali magani na tafin hannun mai ita.

Adalci ya sa in ce ba kullum laifinka ba ne. Wani lokaci batirin motar ne ya yi sanyi, ita ce ta kasa sallamar. Wani lokaci ɗan makunnin da ke ƙarƙashin birki ne ya lalace, mota ba ta san an taka ba. Cajar waya mai araha kan cika wuri da hayaniyar sigina, haka ma idan an cusa ka aljihu ɗaya da waya. Wanda kuma ya bari aka wanke ka cikin babbar riga, wannan tsakaninsa da mai wanki.

Maganar ƙabilanci fa? Motar da aka ƙera wa Amurka ko Japan galibi a zangon sigina na 315 take saurare, ta Turai a 433. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo ɗan'uwanka, kamarku ɗaya, tambari ɗaya, amma mota ta ce ba ta jin yarensa. Ko an dace da zangon, sai mai kwamfuta ya gabatar da shi ga mota kafin ta karɓe shi. Kuma yawanci kai kaɗai kake zuwa mana, abokin tagwaitakarka na can cikin durowar wani a ƙasar waje. Ranar da ka ɓace babu na biyu, kuɗin aikin sai ya sa mutum zama.

Akwai ƙarar da wata Hajiya ta ce lallai in shigar. Maigidanta ya tuƙa zuwa tashar mota, ya sauka inji na aiki, kai kana aljihunsa. Ta karɓi sitiyari ta wuce kasuwa. Motar ta yi 'yar ƙara, gaskiya ne, amma wa zai ji ta cikin hon ɗin 'yan adaidaita? Injin bai mutu ba, don an tsara kada ya mutu a tsakiyar titi. Sai da ta kashe da hannunta, ta gama cefane, ta dawo da kaji biyu da buhun albasa, sannan ta gane kana hanyar Abuja.

Ba mu ce a dawo da makullin ƙarfe ba, mun riga mun saba da jin daɗi. Sanarwa ce kawai: daga yau za mu sauya maka batiri tun kana amsawa, mu yanko maka na biyu tun kana nan, mu raba maka aljihu da waya. Batirin ko-ta-kwana kuma a walat zai zauna. Maƙwabcina a cikin mota ya adana nasa, yana hango shi ta gilashi.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wani direba daga Kano