Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Wata Ba Tare da Ka Sha Kunya Ba

Da farko ka cire rai da daren sha huɗu. Na san shi zuciyarka ke so, farin wata sha kallo, amma a daren ne wata ya fi rowa. Rana tana haska shi gaba da gaba, ko dutse ɗaya ba ya yin inuwa, sai ka tashi da hoton da ba shi da maraba da ƙwayar farasitamol a kan baƙin tire. Ka fita daren bakwai ko takwas ga wata, sa'ad da yake rabi. A kan layin da ya raba haske da duhu hantsi ne bai gama fitowa ba a can, inuwa ta yi tsawo, kowane rami da kowane tsauni ya fito ɓaro-ɓaro. Kuma a irin wannan dare wata na can tsakiyar sama tun magariba, ba sai ka raba dare ba.

Wajen sayen na'urar hangen nesa, idan ka ga kwali yana alkawarin kusanto da abu sau 500, ka gaida mai shago ka wuce. Faɗin madubi shi ne magana. Kowace milimita ɗaya ba ta ba ka abin kirki fiye da ninki biyu, saboda haka madubi mai milimita 60 iyakarsa ninki 120, sauran duk cika baki ne. Gara ka zuba kuɗin a ƙafafun da na'urar za ta tsaya a kai, waɗanda ba sa rawa idan akuya ta gifta.

Sai waya. Za ka ce ai ɗora idon kyamara kawai za ka yi a wurin leƙawa. Haka ne, illa dai hannunka, wanda ka yarda da shi tun kana yaro, yau zai ci amanarka. Ka nemi maƙalin da ke riƙe waya, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, kai kuma ka ja da baya ka haɗiye tarinka. Filasha kuwa, Allah ya ba ka haƙuri, kashe ta. Wata yana nesa da kai kimanin kilomita 384,400, hasken wayarka ko katangar maƙwabci bai kai ba.

Waya takan ga duhun sama ta ɗauka dare ya yi mata yawa, sai ta buɗe ido har wata ya ƙone fari fat. Alhali dutse ne da rana ke duka. Ka rage hasken da kanka: ISO 100, ƙiftawa ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, daga nan ka yi ta gyarawa. Idan ka fara ƙorafi, ka tuna John William Draper, wanda a 1840 a birnin New York sai da ya bar farantin azurfa yana kallon wata wajen minti 20 kafin ya sami hoto ɗaya.

Kana cikin saiti za ka ga wata ya sulale ya bar madubi. Kada ka daki yaro, babu wanda ya taɓa. Duniya ce ke juyawa, kuma cikin minti biyu wata kan gusa daidai faɗin jikinsa. Idan kuma ka gan shi kai a ƙasa, na'urar ba ta lalace ba, haka madubinta yake aiki.

Babban magabcinka iska ce. Rufin kwano da daɓen siminti sun sha rana wuni guda, da dare suna amayar da zafi, hoto ya yi ta kaɗawa. Kada ka hanga ta saman rufi. Da damina gajimare, da hunturu hazo, don haka 'yan makonnin kaka su ne rabonka. Ɗauke wuta ba zai ƙara maka komai ba, wata bai damu da fitilun unguwa ba.

Masu abin ba hoto ɗaya suke ɗauka ba. Bidiyo suke yi na minti ɗaya ko biyu, su ba manhaja irin AutoStakkert ko RegiStax, duk kyauta, ta tsince hotunan da iska ta ɗan lafa a cikinsu, ta haɗe su wuri guda. Wannan a wurina halas ne, haskenka ne ka tace. Abin da ba na so shi ne wayar da ke taya ka da abin da ba ta gani ba. A 2023 an yi ta cece-kuce kan wayoyin Samsung bayan wani ya nuna wa ɗaya dusasshen hoton wata a fuskar kwamfuta, ita kuwa ta fito masa da ramuka tsaf.

Idan hoto ya yi kyau, ka haddace suna biyu don zaman majalisa. Kusa da tsakiyar wata akwai ramin Albategnius, faɗinsa wajen kilomita 130, sunan Al-Battani ne, masanin taurari da ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929. Can gefensa ga Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Ka faɗe su a hankali, kamar ka san su tun a makarantar allo.

Magana ɗaya ba ta wasa ba: kada ka taɓa juya na'urar wajen rana, kada kuma ka bar ta a tsakar gida da rana inda yara suke. Ido ba ya dawowa.

Maƙwabta za su taru, kuma dole wani ya ce a nuna masa tutar da Amurkawa suka kafa a 1969. Ba za ta ganu ba. Ko na'urar hangen Hubble da ke sararin samaniya ba ta iya ba, sai kumbo irin LRO da ke zagaya watan tun 2009 ne ya hango wuraren da suka sauka. Sa'annan daga ranar ka zama malamin wata na unguwa. Ranar 29 ga Sha'aban za a yi maka sallama tun la'asar, ana tambaya ko gobe za a tashi da azumi. Ka ce na'urar tana wurin gyara, kowa ya je ya kunna rediyo ya jira sanarwar Sarkin Musulmi.