Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Fijo 504

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin kwana lafiya a gindin darbejiyar da kika shekara tara ba ki gusa ba. Na san girmanki. A 1968 danginku suka fito a Faransa, shekara na zagayowa Turai ta naɗa ku sarautar motoci, ke kuma a Kakuri ta Kaduna aka haɗa ki. Kin ɗauki manyan ma'aikata, kin kai amare. Shi ya sa ranar rabon gadon Baba, da 'yan'uwa suka yi caa a kan fili, ni na ce a bar mini ke.

To amma Hajiya, me na tsare miki?

Asabar ɗin farko na kwance kafireto, na wanke shi da fetur a kwanon tuwon uwargida (har yau maganar ba ta mutu ba). Na mayar da komai tsaf, sai ga noti biyu sun rage a kan tabarma, suna kallona ina kallonsu. Na jefa su aljihu, na ce ƙila Faransawa ne suka yi almubazzaranci.

Sai fulogi. Kin ɓoye su can ƙasan rami kamar gafiya, sai da na je Panteka neman doguwar sifana. Na haddace jerin wuta, 1-3-4-2, kamar karatun allo, na jona wayoyin ina ƙirgawa daga gaba, wajen lagireto. Ina murza makulli kika saki wata ƙara ta salansa da ta tarwatsa kajin maƙwabta. Ashe ku mutanen Faransa daga baya kuke fara ƙirga, daga wajen giya! Wani tsohon bakanike ne ya warware mini, bayan ya yi dariya har da hawaye, ya kuma sha shayi da ƙwai a aljihuna.

Jiya dai kin tashi. Kin yi tari, kin yi gurnani, na yi kabbara, kafin in wanke baƙin man hannuna kin mutu.

Hajiya, ba Abuja na ce ki kai ni ba. Ki dubi girman Allah ki kai ni masallacin Juma'a ki dawo da ni, yaran unguwa su huta da turi. In kuma notin nan biyu ne suka ɓata miki rai, ki nuna mini gurbinsu, suna nan a aljihuna.

Naki mai biyayya,
Bakaniken Ranar Asabar